Hannun Daman Gwadabe Mai Agashe

Duk wanda ya taɓa bi ta kasuwar Alhilla Kuku bayan la'asar, a shekarun nan kafin yaƙi ya watsa mutane, hancinsa ya san Gwadabe ko da idonsa bai san shi ba. Shi ne mai agashen nan, tsiren Sudan, na kusa da tashar raksha, keken haya mai ƙafa uku, wanda ke yanka nama fale-fale har ana cewa in ka ɗaga yanka ɗaya sama za ka hango mai tahowa ta cikinsa. Kakansa ya baro Haɗeja da ƙafa zai tafi Makka, ya iso bakin Nilu, ya ce bari ya ɗan huta. Hutun nan ne har yau, jikoki sun haura saba'in. Uban Gwadabe ya gaji hutun ya haɗa da tukuba, shi kuma Gwadabe ya gaji tukubar ya haɗa da baki.

Baki kam Allah ya ba shi, kuma duk inda hirarsa ta faro, a kan hannunsa na dama take ƙarewa. Da hannun nan, in ji shi, ya taɓa kayar da bijimi shi kaɗai ranar layya, mutum shida na tsaye suna kallo. Da shi ya yi fifitar wuta shekara talatin da huɗu bai taɓa canja hannu ba. In mai saye ya kuskura ya miƙo hagu zai karɓi tsinke, sai Gwadabe ya janye naman ya ce, "Ya zol, bawan Allah, a gidanku ba a yi maka tarbiyya ba?" Ko babban mutum ne haka zai yi masa, a gaban kowa.

To, wata Laraba da safe ya ɗauko cinyar bijimi daga mayanka a cikin raksha. Direba ya zo kauce wa amalanken jaki mai tallar ruwa, raksha ta kife. Cinyar bijimin ko ƙura ba ta taɓa ta ba, shi kuwa Gwadabe kansa ya daki gefen kwalta ta ɓangaren hagu. Kwana tara bai san wanda ke kansa ba. Aka buɗe kan aka kwashe jinin da ya taru. Da ya farfaɗo, magana ce ta fara dawowa, abin da matarsa Kubra ta ce ita dama ba ta taɓa shakkarsa ba. Ƙafa ma ta dawo. Hannun dama ne ya ce shi ba yanzu ba. Likitoci suka yi masa bayani cewa ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke tuƙa hannun dama, kuma nan ne ya bugu. Hannun bai mutu ba, yana ɗan ɗagowa zuwa cibiya, yatsun na lanƙwasawa rabi, amma sai an koya masa aiki daga farko kamar sabon yaron shago.

Gwadabe ya dawo gida ya cusa hannun a aljihun jallabiya, kuma daga ranar aljihun nan ya zama gidansa. Masu zuwa dubiya in sun tambaya sai ya ce, "Duktur ne ya ce in ajiye shi wata shida. Ƙarfinsa ya yi yawa, in na motsa shi ɗinkin kai zai warware." Ya daina zuwa jam'i, wai jiri. Ya daina zama a kan tire ɗaya da iyali. Sai a kai masa abinci diwan, ɗakin baƙin nan na bakin ƙofa, ya turo ƙyaure, ya ci da hagu da cokali, yana ci yana waige kamar wanda ya sato. Mutumin da ya shekara talatin yana koya wa kasuwa guda hannun cin abinci! Tukubar kuwa ƙaninsa Ilyasu ne ya riƙe.

Da a ce nan abin ya tsaya, da ƙila har yau hannun na aljihu. Sai dai akwai Zuhura, 'yarsa ta fari, wadda ta gama karatun haɗa magunguna, ta kuma kawo manemi, Hazim, ɗan wani gidan kafintoci na Umdurman. An sa ranar ɗaurin aure saura wata biyu da 'yan kwanaki. Kowa kuma ya san yadda ake yi: a tsakiyar masallaci, gaban ma'azun mai ɗaura aure, waliyyin amarya zai sa hannunsa na dama a cikin na wakilin ango, su riƙe har a gama siga.

Ilyasu ya same shi a diwan ya ce, "Yaya, ai ko a can ƙasar kakanninmu baffa ne ke ba da aure. Ka bar mini, kai ka zauna a sahun gaba da rawaninka."

"Mutuwa na yi?"

"Subhanallahi, wa ya ce ka mutu? Hannun ne dai..."

"Hannun me? Hannun nan hutu yake yi. 'Yata ta fari, ina numfashi, wani ya miƙa hannu a madadina? Kai da ko albasa ba ka iya yankawa daidai ba!"

Kubra ce ta raba su daga bakin ƙofa. Ta ce, "Abu Zuhura, a bar wa duktura. In ta ce hannun zai iya, kai za ka yi. In ta ce a'a, Ilyasu ya yi, ba wanda zai ji kunya a gaban surukai." Gwadabe ya ce ya yarda, don a ransa ya san duktura a tafin hannunsa take. Na hagun dai.

Duktura Wafa ita ce mai koya masa motsa gaɓɓai a wata cibiya can wajen Soba, inda Zuhura ke raka shi duk ranar Lahadi. Yarinya ce siririya mai tabarau, kakarta Bahaushiya ce ta Umdurman, don haka Hausarta rabi Larabci ce, amma tana isar da saƙo. Aikin gida da ta ba shi kuwa shi ne abin da ya fi ɓata masa rai a duniya: ya tsinci wake ɗaya-ɗaya daga wannan kwano zuwa wancan, ya goge tebur da tsumma, ya ɗaga kofi ya ajiye. Ya gwada sau ɗaya, wake ya zube a ƙasa, ya duba ko ba wanda ya gani, ya ture kwanon ƙarƙashin gado. Amma duk Lahadi in ta tambaye shi sai ya ce, "Sau ɗari uku kullum, ya duktura. Waken ma ya gaji da ni."

Ita kuma ta auna, ta ga hannun na nan inda ta bar shi makon jiya. Ran nan sai ta jawo aljihun tebur ta fito da wasu abubuwa biyu kamar agogo, amma ba fuska ba allura. Ɗaya da ɗigon ja, ɗaya da ɗigon shuɗi.

"Ammu Gwadabe, ja na dama, shuɗi na hagu. A cikin kowanne akwai 'yar na'ura kamar ƙwallon dabino. Duk motsin da hannu ya yi tana ji, sama ko ƙasa, da sauri ko a hankali, da kuma ƙarfe nawa ya yi shi. Kwana bakwai za ka sa. Ranar Lahadi in haɗa su da kwamfuta mu ga nawa dama ta yi, nawa hagu ta yi."

"Alwala fa?"

"Ruwa ba ya yi musu komai."

"Magana fa, suna ji?"

"Da suna jin magana, ammu, da tun kafin ka isa gadar Manshiya sun cika."

Zuhura ta yi dariya, shi bai yi ba. A mota yana kallon wuyan hannayensa, ɗaya a dama ɗaya a hagu suna rubuta aikin mutum, sai Raƙibu da Atidu suka faɗo masa a rai, ya yi maza ya yi istigfari.

Ranar farko, a gaskiya, ya gwada. Ya jawo kwanon wake, ya tsinci bakwai, na takwas ya kuɓuce ya gangara. Gumi ya jiƙa shi, kafaɗa ta ɗau zafi. Ya kwanta rigingine yana huci, yana lissafin yadda Ilyasu zai zauna a tsakiyar masallaci da sabon rawani. Yana cikin haka idonsa ya sauka a kan fankar tsaye da ke kusurwar diwan. Tana juya kai dama, ta juya hagu. Dama, hagu. Ba gajiya, ba gumi, ba ƙorafi.

Gwadabe ya daɗe yana kallonta, irin kallon da yake yi wa rago mai ƙiba a kasuwa.

Washegari Litinin, bayan shayin safe, ya ce kada wanda ya dame shi, zai shiga aiki. Ya sa sakata, ya kwance mai ɗigon ja da haƙori, ya ɗaura shi a kejin fanka, ya kunna. Shi kuma ya miƙe a gado da kofin shayi a hagu, lokaci-lokaci ya ɗaga murya don na tsakar gida su ji: "Ɗari da sha ɗaya! Ɗari da sha biyu! Ya Ƙawiyyu!" Har da ɗan nishi yake haɗawa. Kubra na daga kicin tana jin ƙirgen nan tana share hawaye da gefen tobinta, mayafin nan na matan Sudan. Ta aika aka sayo 'yan shila ta yi masa farfesu don ya ƙara ƙarfi. Ranar Talata ta dafa balila, wato dafaffen wake, ta rabar sadaka a layi, ta ce godiya ce ga Allah, mijinta ya kama hanya. In an ɗauke wuta, kamar yadda aka saba ɗaukewa a wancan lokacin rabin yini cur, sai a ji Gwadabe ya yi tsaki mai ƙarfi, a ɗauka zafi ne ya dame shi.

Kwana uku fanka na jinya a madadinsa.

Ranar Alhamis da hantsi Zuhura ta buga ƙofa da ƙarfi tana kuka. Baffan Gwadabe, Malam Ibrahim Khalil, ƙanin ubansa, mai shekara casa'in da wani abu, ya cika. Gwadabe ya fizgo abin daga fanka, ya ɗaura a hannunsa da haƙori da hagu, sannan ya zare sakata. Kafin azahar an kai malam makwancinsa, an kafa rumfar makoki ta tare layi guda, an jera kujeru. Kuma tunda malam bai bar ɗa namiji ba, babban namiji a zuriyar yanzu shi ne Gwadabe. Shi ne zai zauna a bakin rumfa ya karɓi gaisuwa.

Ga yadda ake ta'aziyya a nan kuwa: mai zuwa tun daga nesa zai ɗaga tafukansa biyu ya ce, "Al-Fatiha," masu makoki su miƙe su ɗaga nasu biyu, a karanta tare, a shafa. Biyu fa, ba ɗaya ba. Mutum na farko wani tsoho ne ɗan unguwar Haj Yusif, abokin karatun marigayin. Ya ɗaga hannuwa, Gwadabe ya ɗaga hagu kaɗai. Tsohon bai fara karatu ba. Ya tsaya da hannuwansa a sama yana kallon aljihun jallabiyar nan, yana jira, rumfa duka na jira tare da shi. Gwadabe ya ji kamar an zuba masa garwashin tukuba a ƙeya. Ya ciji leɓe, ya zaro hannun, ya turo shi sama da duk abin da Allah ya ba shi, ya saki gefen shal ɗin da ke kafaɗarsa ya rufe yatsun. Aka yi Fatiha.

Saura musafaha. Nan ma dabara ba ta ƙare masa ba: kafin tsohon ya miƙo hannu, Gwadabe ya faɗa kafaɗarsa ya rungume shi da hagu yana gunjin kuka. Haka ya yi wa na biyu, haka ya yi wa na ɗari biyu. Har yau ana ba da labari a unguwa cewa ba a taɓa ganin wanda ya yi kukan baffansa kamar Gwadabe ba, har mai kawo ƙanƙara sai da ya sha runguma. In an shigo da tiren abinci kuwa sai ya ce azumi yake, ladan na malam. Kwana uku yana miƙewa yana ɗaga hannu, yana zama, yana miƙewa. Malam mutum ne mai jama'a, an zo daga Mai Wurno, an zo daga Gadarif, motoci har bakin kasuwa.

Ranar Lahadi ya shirya tun da wuri, ya fesa turare. Shi da bakinsa ya ce Kubra ta zo, Ilyasu ma ya rufe tukuba ya zo, don kowa ya ji da kunnensa. A lissafinsa kwana ukun fanka sun isa su rufe bakin duniya.

Duktura Wafa ta kwance na'urorin, ta haɗa su da kwamfuta. Wasu layuka suka fito a allon, ja da shuɗi. Ta duba. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta sake dubawa.

"Ammu, ko za su ɗan jira a waje mu yi magana ni da kai?"

"A waje? Faɗi a gaban kowa, 'yata! Ilyasu, matso kusa, kunnenka ba shi da kyau."

"Ka tabbata?"

"Wallahi ba mai fita."

Ta numfasa, ta juyo da allon. "To. Wannan Litinin ce. Hannun dama ya tafi dama, ya dawo hagu, duk daƙiƙa takwas. Ba bakwai ba, ba tara ba. Awa huɗu bai yi kuskure ko sau ɗaya ba, bai tsaya ya sosa kai ba, bai tashi shan ruwa ba."

Gwadabe ya gyara zama. "Horo ne. Shekara talatin da huɗu ina fifita."

"Sannan ƙarfe goma sha biyu daidai ya mutu murus. Talata kuma bai motsa da safe ba sam, sai ƙarfe biyu ya tashi. Laraba ya yi awa ɗaya, ya tsaya minti ashirin, ya ci gaba." Ta dubi Ilyasu. "Ammu Ilyasu, ranar Litinin ƙarfe nawa aka ɗauke muku kahraba, wuta nake nufi, a Alhilla Kuku?"

Ilyasu ya ɗaga kai yana tunani, bawan Allah da zuciya ɗaya. "Litinin... sha biyu daidai, don ina tuna firjin nama. Talata kuma sai biyu aka kawo. Laraba ta ɗan yi wasa, ta tafi ta dawo..." Bakinsa ya tsaya a buɗe.

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ne ya fi kashe Gwadabe. Da Ilyasu ya tuntsire, da ya samu wanda zai zaga. Zuhura ta sunkuyar da kai tana murza zoben hannunta. Kubra kuwa ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce a hankali, "Fanka." Ta ƙara cewa, "Ni ina can ina rabon balila."

Gwadabe ya nemi magana, mutumin da ko a gadon asibiti magana ce ta fara dawo masa, bai samu ko ɗaya ba. Ya kafa wa takalminsa ido. Ya ji da ƙasan cibiyar nan za ta tsage, da ya shige ya ja ta ya rufe.

"Ban gama ba," in ji duktura. Ta matsa layin gaba. "Ga Alhamis daga azahar. Wannan ba inji ba ne. Ku duba yadda yake a karkace, yana rawa, wani dogo wani gajere. Wannan hannun mutum ne. An ɗaga shi sau ɗari biyu da wani abu ranar Alhamis, fiye da ɗari huɗu ranar Juma'a, kuma kowane ɗagawa an riƙe shi a sama kusan rabin minti. A ɗakin nan, ammu, ba ka taɓa kai shi sama da cibiya ba. Yadda wuyan hannun ya karkata a nan, ya kai ƙirji. Me ya faru ranar Alhamis?"

Zuhura ce ta amsa. "Rasuwa aka yi mana. Shi ke karɓar Fatiha."

"Allah ya jiƙansa." Ta rufe kwamfutar. "To ka gani. Hannun na iyawa. Kai ne ka koya masa barci a aljihu, ƙwaƙwalwa kuma abin da ba a amfani da shi mantawa take yi da shi. Idon mutane da kake gudu, shi ne kaɗai ya sa shi aiki."

Kubra ta ce, ba tare da ta dubi mijinta ba, "To wa zai ba da auren?"

"Khalti, ni ba ma'azun ba ce. Yau dai ba zai iya riƙe hannun kowa ba. Nan da mako takwas, ban sani ba. Zan mayar masa da na'urorin, duk Lahadi mu duba."

Da suka shiga gida, Kubra ta wuce diwan kai tsaye, ta cire fankar daga soket, ta rungume ta ta kai ɗakinta. A watan Mayu fa, a Khartum, lokacin da ko ƙadangare ba ya taka ƙasa da rana. Da aka kawo abincin rana Gwadabe bai jira a kai masa ba, ya fito ya zauna a bakin tire, ya zaro hannun, ya kai shi kan kisra, gurasar dawan nan. Lomar farko a kan jallabiya ta sauka, ta biyu a gemu. Kowa ya yi kamar bai gani ba, shi kuma ya san sun gani.

Daga nan ne ya zama abin da ya zama. Duk inda aka kafa rumfar makoki a Bahri, ɓangarensu na Khartum, Gwadabe na sahun farko. Ya san mamacin, bai san shi ba, oho. An ce har Jabal Awliya ya je ta'aziyyar wani masunci, ya yi Fatiha da kowa ɗaya bayan ɗaya har da masu wanke kofuna, sai da ɗan mamacin ya ja shi gefe ya ce, "Ya hajj, don Allah kai wane ne a wajen babanmu?" Masu tsegumi na cewa in ya ji wani tsoho na tari a layi sai ya tambayi lambar gidansu. Kwanon wake ma ya fito daga ƙarƙashin gado, kuma yanzu a tsakar gida yake tsinta, Kubra na ƙirgawa da kanta, don ta ce ƙirgensa ta daina karɓa har abada. Duk Lahadi jan layin na ƙara tsawo, yana bin shuɗin a baya kamar ɗan akuya. Kafaɗa ta saki, gwiwar hannu ta saki. Yatsu ne suka yi taurin kai. Lahadin ƙarshe duktura ta ba shi wani abin matsawa ya matsa, ta duba, ta ce, "Ɗagawa kam za ka ɗaga. Riƙo kuwa, na kofin shayi ne rabin cika. In ya daɗe zai saki."

Ilyasu ya sake samunsa, wannan karon murya ƙasa-ƙasa, ba tsokana. "Yaya, wallahi ba don komai ba. In kana so in zauna kusa da kai, in abin ya..."

"Zauna inda shaidu ke zama," in ji Gwadabe.

Ranar Juma'a bayan la'asar masallacin unguwa ya cika har waje. Wakilin ango baffan Hazim ne, Almahdi, tsohon kafinta mai tafi kamar katakon ƙofa. Suka durƙusa gaba da gaba, ma'azun ya ce a haɗa hannu. Gwadabe ya ɗago nasa, a fili, ba shal, jan ɗigon na leƙowa daga bakin hannun riga. Ya sa shi a na Almahdi, ma'azun ya fara jan siga yana maimaitawa. Ma'azun ɗin kuma irin masu son a ji muryarsu ne, kowace kalma sai ya ja ta kamar zai kai ta Umdurman. Ana tsakiyar "na aurar da 'yata" yatsun suka saki, hannun ya zame ya faɗo a kan gwiwarsa, tim.

Mutum ɗari uku da aka gaya wa ƙarfi ne ya yi wa hannun yawa, ga shi yau suna kallonsa a kwance kamar jiƙaƙƙen tsumma. Hagun Gwadabe ta zabura za ta ɗauko shi, ya danne ta a cinya. Kunnuwansa suka yi zafi. Ya tattara kafaɗa, ya ɗago daman da kanta, sannu-sannu, har ta koma tafin Almahdi.

Ya ce, kansa a ƙasa, "Jama'a, ku yi haƙuri. Hannun nan ba hutu yake yi ba. Ciwo ne."

Daga sahun baya wani mai shayi ya ce, "Ai mun sani tun kana asibiti, ya hajj. Ci gaba, dabino na jira."

Aka yi 'yar dariya, aka ƙarasa siga, aka shafa Fatiha. Gwadabe na shirin sauke numfashi sai ma'azun ya buɗe babban littafinsa ya miƙo masa biro. Wannan kam ko kusa bai zo masa a rai ba, wata biyu yana horon ɗagawa da riƙewa, ba wanda ya tuna masa da sa hannu. Ma'azun ya lura, ya turo ɗan akwatin tawada ya ce a hankali, "Ko dangwale ma ya isa."

Gwadabe ya ture akwatin. Ya soka biron tsakanin yatsu, ya kifa a kan littafin. An ce kafin ya gama rubuta sunansa har an raba dabino an cinye an zubar da ƙwallaye. Abin da ya fito a takardar kuwa, in ka gani sai ka rantse kyankyaso ne ya faɗa tawada ya yi ta neman hanyar fita. Ma'azun ya duba, ya gyaɗa kai, ya juya littafin wajen shaidu.

Ilyasu, wanda duk zuriyar ba mai kyan rubutunsa, ya karɓi biro ya fara jan nasa sunan a karkace, yana wani karkarwa da gangan, harafi na hawa kan harafi.

Gwadabe ya leƙa, ya gani. Ya matso da bakinsa kusa da kunnen ƙanin.

"Kai, rubuta da kyau. Kunyar da na sha ta ishe ni, kar ka ƙara mini da tausayi."

Ilyasu ya soke layin, ya sake rubutawa tsaf a ƙarƙashin na yayansa, ma'azun ya buga hatimi.